Jagora ga Matasan Zango: Shiga Aikin Kwamfuta a Akra Ba Tare da Digiri Ba, da Yadda Ake Lissafin Albashinsa

Duk shekarar da sakamakon jarrabawar WASSCE ya fito, akwai gidaje a Nima, Mamobi, Sabon Zango, Fadama da Madina da zance ɗaya ke komawa cikinsu: yaro ya gama sakandare, kuɗin jami'a bai samu ba, ko kuma darasin lissafi ya riƙe masa ƙafa, ga shi kuwa tun yana ƙarami shi ake kira idan wayar wani ta rikice. Tambayar da iyaye ke yi ita ce ko wannan baiwa za ta iya ciyar da shi ba tare da ya riƙe digiri ba. Amsata ita ce za ta iya, da sharaɗin ya gane cewa digiri shaida ce da ke magana a madadin mai ita kafin ya buɗe baki, don haka wanda ba shi da ita dole ya tanadi abubuwa uku da za su tsaya a gurbinta: aikin da ake iya gani da ido, takardar jarrabawa guda ɗaya da masu ɗaukar aiki suka sani, da mutumin kirki da zai tsaya masa. Duk abin da zan faɗa wa ƙanena a nan, ƙanwata ma ya shafe ta daidai wa daida.

Mataki na farko: ka san ƙofar da take a rufe

Aikin gwamnati a Gana yana tafiya ne bisa tsarin albashi na bai-ɗaya da aka fara aiki da shi a 2010, kuma a cikinsa takardar makaranta ce ke yanke matakin da za a ɗora mutum, komai gwanintarsa. Haka nan manyan bankuna da kamfanonin sadarwa, idan suka buɗe shirin ɗaukar sababbin ma'aikata, sukan nemi digiri ko babbar difloma ta HND tare da takardar bautar ƙasa. Kada ka ɓata shekara kana aika takardu zuwa waɗannan wurare. Inda ake duba hannu kafin a duba takarda shi ne ƙanana da matsakaitan kamfanoni, makarantu da asibitoci masu zaman kansu, otal-otal, 'yan kwangilar da ke ja wa kamfanonin sadarwa wayar intanet zuwa gidaje da ofisoshi, kamfanonin da ke haɗa manhajojin biyan kuɗi ta waya, da kuma masu ba da aiki daga ƙasashen waje. Sau da yawa ma, yaron da ake gani a reshen banki yana gyara kwamfutocin ma'aikata, ɗan kwangila ne ya ɗauke shi ya turo shi can.

Mataki na biyu: ka zaɓi layi ɗaya

Kuskuren da ya fi cinye matasanmu shi ne tsalle daga wannan darasi zuwa wancan, yau tsaron intanet, gobe rubuta manhaja, jibi zane, har shekara ta ƙare babu abin da aka iya har ƙarshensa. Layukan da suka fi karɓar marar digiri su ne waɗannan.

Na farko shi ne kula da kwamfutocin ofis: saka Windows, buɗe wa ma'aikata akwatin imel, gyara firinta, ceto bayanan da suka ɓace, da haƙuri da mutumin da ya manta kalmar sirrinsa karo na uku a mako guda. Wannan layi ya fi kowanne sauƙin shiga, albashinsa na farko kuma ya fi kowanne ƙanƙanta. Na biyu shi ne haɗa hanyar sadarwa, wato jan kebul, saita rauta (na'urar da ke rarraba intanet), ɗaura kyamarorin tsaro, da haɗa zaren gilashin nan da ke ɗauke da intanet. A ganina shi ne ya fi dacewa da yawancin yaran zango, domin ya yi kama da sana'ar hannu da muka saba koya a wurin maigida, ana iya fara cin kuɗinsa tun ana koyo, kuma babu yadda wani da ke zaune a Indiya zai hau tsani a Kaneshie ya ɗaura maka kyamara. Na uku shi ne rubuta manhaja da gina shafukan intanet, wanda rufinsa ya fi tsawo ta fuskar kuɗi, amma yana cin lokaci, kuma tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka fara rubuta ƙananan ayyukan da ake ba masu farawa, gasar da ke bakin ƙofarsa ta yi tsanani. Tsaron intanet kuwa, duk da farin jininsa, ba wurin farawa ba ne; ana isa gare shi ne bayan an ƙware a hanyar sadarwa, kuma Dokar Tsaron Intanet ta 2020, mai lamba 1038, ta ba Hukumar Tsaron Intanet ikon tantance masu wannan sana'a, abin da ta fara yi a 2023.

Mataki na uku: kayan aiki

Waya ba ta isa ba, sai da laftof. Ba lallai sabuwa ba. Ta hannu da ake sayarwa a Tip Toe Lane da ke Circle, ko a Adum ga wanda ke Kumasi, ta wadatar, muddin tana da ƙwaƙwalwar RAM ta akalla gigabait 8 da ma'ajiyar SSD. Ka lura da abu ɗaya da masu sayarwa ba za su faɗa maka ba: kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 ba ya hawa bisa ƙa'ida a kan injin Intel da ya gaza zubi na takwas. Saboda haka ka tambayi zubin injin, ka cire caja ka ga minti nawa batirin zai riƙe, domin ranar da aka ɗauke wuta shi ne zai cece ka, sannan ka tafi da wanda ya san kaya. Idan kuɗin bai cika ba, shiga adashi ya fi cin bashi mai ruwa.

Kayan aiki na biyu shi ne Turanci, kuma ba na titi ba. Yawancin littattafan sana'ar da jarrabawarta da Turanci suke, kuma wanda ya iya rubuta saƙon imel mai tsabta na layi biyar yakan wuce wanda ya fi shi gyara amma ba ya iya bayanin abin da ya gyara.

Mataki na huɗu: koyo

Ilimin kansa kyauta yake, kuɗin data ne kawai. Mai son hanyar sadarwa ya yi rajista da Cisco Networking Academy, inda zai sauke manhajar Packet Tracer wadda ke ba shi damar haɗa rauta da kwamfutoci a kan allo kamar yana riƙe da su. Mai son rubuta manhaja ya fara da CS50, darasin Jami'ar Harvard da David Malan ke koyarwa, ko freeCodeCamp, ya bi HTML da CSS da JavaScript, harsunan gina shafin intanet, a jere kafin ya taɓa wani abu. Mai son kula da kwamfutocin ofis yana da kwas ɗin Google da aka buɗe a dandalin Coursera a 2018, wanda ake biya wata-wata, amma akwai fom na neman sassauci ga marar hali.

Wanda ya san ba ya iya karatu shi kaɗai, ya nemi aji. Cibiyar Kofi Annan ta fasahar sadarwa da ke Ridge, wadda Gana da Indiya suka kafa a 2003, tana ba da gajerun kwasa-kwasai. Akwai makarantu masu zaman kansu irin su IPMC. Akwai kuma shirin gwamnati na horar da masu fasaha miliyan ɗaya wanda Shugaba John Mahama ya ƙaddamar a Afrilun 2025. 'Yan mata su binciki Soronko Academy ta Regina Honu, wadda tun farkon aikinta ta koyar da 'yan matan Nima rubuta manhaja. A Kumasi akwai Kumasi Hive da hapaSpace. Kafin ka biya wa kowace makaranta ko sidi ɗaya, ka nemi a haɗa ka da ɗalibai biyu da suka gama, ka tambaye su inda suke aiki yanzu, ka kuma ƙirga kwamfutocin da ke ajin da yawan ɗaliban da za su zauna a kansu.

Game da lokaci, awa biyu kowace rana bayan sallar asuba, kafin hayaniyar gida ta tashi, ta fi awa goma a ranar Asabar kaɗai. Mai koyon hanyar sadarwa kuma ya haɗa da bin wani masta zuwa wurin aiki, ko da ɗaukar tsani ne, domin a can zai ga yadda ake matse kan kebul da yadda ake magana da mai gida idan aiki ya ƙi.

Mataki na biyar: takarda ɗaya, ba goma ba

Akwai bambanci tsakanin takardar halartar kwas, wadda kowa ke samu, da takardar jarrabawar da ake zaunawa a cibiyar Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da irin waɗannan jarrabawa, ƙarƙashin sa ido, wadda mai ɗaukar aiki zai iya tabbatar da ita ta intanet. Ta biyun ce ke da nauyi. CCNA, jarrabawar hanyar sadarwa ta kamfanin Cisco, mai lamba 200-301, kuɗinta dala 300 ne, ana yin ta cikin awa biyu, tana kuma aiki shekara uku. CompTIA A+, ta masu kula da kwamfutocin ofis, jarrabawa biyu ce, kowacce ta haura dala 200, wanda ya sa nake ganin ta yi tsada ga mai farawa a nan idan aka kwatanta da abin da take ƙarawa a albashi. Jarrabawar farko ta AWS, ta fannin ajiye bayanai da manhajoji a manyan rumbunan Amazon, dala 100 ce, ta gaba da ita kuma dala 150. Mai rubuta manhaja ba ya bukatar ko ɗaya daga cikinsu; shafinsa na GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, shi ne takardarsa.

Da yake kuɗin da dala ake biya kuma ba a mayarwa idan an faɗi, kada ka yi rajista sai ka ga kana cin gwajin gida sau uku a jere. Ka kuma guji masu sayar da tambayoyin jarrabawa da aka sato, domin ko ka ci da su, tambaya biyu a gaban injiniya za ta tona asirinka.

Mataki na shida: aikin da ake gani da mutumin da zai tsaya maka

A nan ɗan zango yake da gatan da bai cika lura da shi ba. Kewaye da kai akwai makarantar Islamiyya da ke rubuta kuɗin makaranta a littafi, kantin magani da bai san adadin kayansa ba, ofishin masu shirya tafiyar Hajji da Umara, wakilin MoMo, wato tura kuɗi ta waya, da Hajiya mai sayar da atamfa da ke karɓar oda ta WhatsApp. Ka zaɓi uku daga cikinsu ka yi musu aiki na gaske, ko da kuɗin mota kawai za su ba ka: ka haɗa wa makarantar rajistar ɗalibai, ka ja wa ofishin intanet zuwa ɗakuna uku, ka gina wa Hajiya shafi. Bayan kowane aiki ka ɗauki hoto, ka rubuta a shafi guda matsalar da ka tarar da abin da ka yi da sakamakonsa, sannan ka roƙi mai wurin ya ba ka wasiƙa mai sa hannu da hatimi. Idan aikin ya shafi sunaye da lambobin mutane, ka sani Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta hau kanka, don haka kada ka saka bayanan ɗalibai na gaskiya cikin abin da kake nuna wa jama'a.

Dole kuma a faɗi maganar da ba a so. Kalmar sakawa, da duk Gana ke kiran damfarar intanet da ita, daga harshenmu aka ɗauke ta, kuma akwai masu ɗaukar aikin da idan suka ga adireshin Nima a takardar yaro mai iya kwamfuta sai zuciyarsu ta ɗarsa. Wannan zalunci ne, amma yana nan, kuma maganinsa shi ne shaidar mutanen da aka sani da gaskiya, irin shugaban makaranta, limami, ko mastan da ka yi wa aiki. Kada ka ara wa kowa Ghana Card ɗinka, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ko layin wayarka, ko asusun MoMo ɗinka don a karɓi kuɗin da ba ka san asalinsa ba, domin sunan da ke kan layin shi 'yan sanda za su nema, kuma wanda aka taɓa kamawa da irin wannan ba a sake ba shi mabuɗin bayanan kamfani.

Mataki na bakwai: neman aikin

Takardar bayaninka kada ta wuce shafi ɗaya, ayyukan da ka yi su zo a sama, makaranta a ƙasa. Ka buɗe LinkedIn, ka duba Jobberman, dandalin da ake tallan guraben aiki, amma ka sani yawancin ayyukan farko ta bakin mutum suke zuwa, don haka ka riƙa halartar tarukan masu fasaha a wurare irin su Accra Digital Centre da Impact Hub da ke Osu. Idan talla ta ce ana son digiri ko ƙwarewar da ta yi daidai da shi, ka nema. Idan aka ce ka biya kuɗin fom ko na horo kafin a ba ka aiki, ka juya.

Mataki na takwas: lissafin albashi

Ƙasan ma'auni shi ne mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda a 2025 aka tsayar a kan sidi 19.97 a rana, kimanin sidi 539 ke nan a wata idan aka lissafa kwanaki 27. Babu aikin fasaha da ya kamata ya kusanci wannan, sai dai lokacin koyo. Daga nan abin da ke ɗaga albashi shi ne layin da ka bi, girman kamfanin, kuɗin da kamfanin ke samu da shi, sidi ne ko dala, da kuma asarar da za a yi idan abin da kake kula da shi ya tsaya. Shi ya sa mai kula da hanyar sadarwar kamfanin biyan kuɗi ya fi mai gyara firintar makaranta, ko da shekararsu ɗaya a aiki. Rashin digiri ya fi ciwo a albashin farko da kuma lokacin neman muƙamin shugabanci. A tsakanin waɗannan biyun, shekarun aiki ne ke magana, kuma babban ƙari ya fi zuwa ranar da mutum ya canza kamfani bayan shekara biyu ko uku.

Kafin ka amince da kowane adadi, ka tambaya ko kafin cire-cire ne ko bayansa. A ce an yi maka tayin sidi 3,000 a matsayin tushen albashi. Za a fara cire kashi 5.5 cikin ɗari na fansho, wato sidi 165, saura 2,835. Bisa jadawalin harajin hukumar GRA na 2024, sidi 490 na farko babu haraji, 110 na gaba ana cire kashi 5, 130 na gaba kashi 10, ragowar 2,105 kuma kashi 17.5, jimlar haraji ta kama kusan sidi 387. Abin da zai shigo hannunka kimanin sidi 2,448 ne. Daga ciki ka cire kuɗin motar haya ta trotro na wata, wanda ga mai tashi daga Ashaiman ko Kasoa ba ƙarami ba ne, da data da abincin rana, sannan ka kwatanta da wani tayin da ya fi ƙanƙanta amma yana kusa da gida ko yana biyan kuɗin jarrabawa.

Shi kuma kamfanin wajibi ne ya ƙara kashi 13 daga aljihunsa, jimla 18.5, inda 13.5 ke tafiya SSNIT, hukumar fansho ta ƙasa, 5 kuma asusun fansho na mataki na biyu. Ka riƙa duba bayanin asusunka, domin akwai masu cirewa ba su kai ba, fansho kuwa sai an cika watanni 180 ana zubawa. Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, ta ce aikin da zai kai wata shida dole a rubuta yarjejeniyarsa, ta tsayar da awa 40 a mako, ta kuma ba ka hutun akalla kwanakin aiki 15 a shekara. Masu kula da hanyar sadarwa ana yawan kiransu da dare da ranar Lahadi, saboda haka ka sa a rubuta yadda za a biya wannan, ka kuma yi maganar sallar Juma'a tun ranar farko, kafin ta zama abin jayayya.

Wanda ya zaɓi zaman kansa lissafinsa daban ne. Ya yi rajistar sunan kasuwanci a Ofishin Magatakardan Kamfanoni, domin kamfanoni ba sa son biyan wanda ba shi da rasit. Lambar Ghana Card ita ce lambar haraji tun 2021. Ya sani cewa kamfani kan riƙe kashi 7.5 na kuɗin hidima a matsayin haraji, ya karɓi takardar shaidar hakan, ya raba kuɗin kaya da kuɗin hannu a takardar farashi, kuma kada ya sayi kebul ko kyamara da kuɗinsa kafin a ba shi kafin alƙalami.

Aikin waje ta dandalin intanet irin su Upwork ko Fiverr, da ake karɓar kuɗinsa ta Payoneer ko banki, shi ne mafarkin kowa, amma ba a fara shi sai hannu ya nuna. Dala ma tana da nata juyi. A 2022, shekarar da hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 a Disamba, mai karɓar dala ya ji daɗi. A 2025 kuwa sidi ya farfaɗo daga wajen 15 da rabi a kan dala a Afrilu zuwa 10 da 'yan kai a Yuni, sai mai dala 400 ya ga kuɗinsa ya sauko daga sama da sidi 6,000 zuwa wajen 4,100 ba tare da an rage masa ko sisi ba. Kada ka ɗauki hayar ɗaki bisa canjin wata guda. Ka kuma riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban, domin wanda ya ga ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka yanke, ya san abin da zaman jiran layi ɗaya ke jawowa.

Mataki na ƙarshe: komawa ga takardar

Bayan shekara uku ko huɗu kana aiki, za ka iya cin karo da ciwon rashin digiri da na ambata, musamman idan kana son shugabancin sashe, aikin gwamnati, ko bizar aiki a waje. Jami'o'in Gana suna karɓar wanda ya kai shekara 25 ta hanyar shigar manya, inda ake yin gajeren kwas na share fage da jarrabawar shiga a maimakon dogaro da makin WASSCE kaɗai. Jami'ar Fasaha ta Akra, takwararta ta Kumasi, da Jami'ar Fasahar Sadarwa da ke Tesano suna cikin wuraren da ma'aikaci zai duba ajin yamma ko na ƙarshen mako. Akan nemi takardar haihuwa da ta tabbatar da shekarun, wani lokaci da wasiƙar wurin aiki, don haka tun yanzu ka tabbatar sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a takardar haihuwa, Ghana Card, takardar WASSCE da asusun Pearson VUE, domin Muhammad a nan da Mohammed a can ya isa ya hana ka shiga ɗakin jarrabawar da ka biya wa dala 300.